Muryar Mutum Ita Ce Ma'aunin Lasifika

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu sayar da kayan sauti a babbar kasuwa ya san yadda cinikin lasifika yake gudana a zamanin nan. Mai kanti zai jona akwati, ya murɗa maɓalli har iyakarsa, ƙasa ta ɗauki girgiza, gilashin kanta ya shiga karkarwa, sa'an nan ya nuna wa mai saye wata lamba da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wai wat 3,000 ko 5,000. Ko cinikin ma ba ya yiwuwa sai da ɗaga murya. Mai saye ya gyaɗa kai, ya ƙirga kuɗin da ya yi watanni yana tarawa, a ɗaura masa kaya a bayan babur. Kafin wata ya zagayo sai ka tarar da akwatin nan an lulluɓe shi da ƙyalle, an mai da shi wurin ajiye makullai, domin mai gida ya lura in ya yi rabin sa'a yana saurare sai kansa ya ɗauki ciwo, ya kuwa rasa dalili.

Dalilin a fili yake. Ƙara ya saya, alhali kuwa abin da kunne yake iya zama da shi sa'o'i ba tare da gajiya ba shi ne garɗi. Turawa masu sha'awar wannan harka suna kiran irin sautin da nake nufi mai ɗumi, amma a ganina kalmar tamu ta fi tasu kama gaskiyar al'amarin, gama ba Bahaushen da za a ce masa wance tana da murya mai garɗi ya tsaya tambayar ma'ana. Murya ce cikakkiya, mai jiki, wadda ba ta soke kunne, ba ta kuma dushe ba. Wanda zai fitar da kuɗinsa a kan lasifikar ɗaki, don ya ji labarai da karatu da kiɗa cikin natsuwa, wannan ita ce sifar da ya kamata ya nema, kuma hanyar gane ta ba ta bukatar satifiket ɗin injiniya.

Sai dai ya kyautu mai karatu ya san abin da yake cikin akwatin. Lasifikar da muke amfani da ita yau, asalinta aikin waɗansu injiniyoyi biyu ne na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana ƙirarsu cikin 1925. Waya ce aka nannaɗe aka sa a tsakanin maganaɗisu, aka manna ta da wani abu mai siffar mazurari. In lantarki ya ratsa wayar sai mazurarin ya riƙa kai da komowa yana tura iska, wannan motsin iskar shi ne sauti. Ana ƙirga sauti da yawan motsin a cikin daƙiƙa guda. Kunnen yaro mai lafiya yana ji tun daga motsi 20 har zuwa 20,000, ko da yake shekaru suna cinye na saman a hankali. Na ƙasa shi ne kaurin sauti, irin rugugin tambari. Na can sama shi ne siririn sauti, irin ƙarar kuge ko kacau-kacau. A tsakaninsu kuwa akwai fili mai faɗi, inda muryar ɗan Adam take zaune tare da goge da algaita da yawancin abin da muke kira kiɗa. Tushen muryar namiji yana tsakanin motsi 85 da 180, ta mace kuwa tsakanin 165 da 255, sauran abin da yake bambanta muryar wane da ta wane yana hawa bisa wannan tushe har zuwa dubbai. Wayar tarho ta dā ba ta ɗaukar kome sai abin da yake tsakanin 300 da 3,400, amma duk da haka mutum yana gane muryar mahaifiyarsa da ta ce salamu alaikum. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ran sauti yake.

To, a nan ne dabarar kasuwa take shigowa. Tun cikin 1933 waɗansu masana biyu na ɗakin binciken kamfanin Bell, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda kunne yake karɓar sauti, aka tabbatar ba daidai yake jin kowane mataki ba. Ya fi saurin ji a tsakanin motsi 2,000 da 5,000, kuma in an rage ƙarfi, kaurin sauti ne yake fara ɓacewa. Maƙeran akwatunan araha sun san wannan sarai. Saboda haka sai su kumbura ƙasa don ƙirji ya ji bugu, su wasa sama don kunne ya ɗauka sauti ya fita tas, su bar tsakiya a rame. A cikin hayaniyar kasuwa, a minti biyu na gwaji, irin wannan akwati yakan burge kowa. A cikin ɗaki da dare kuwa, wannan wasasshen wuri shi ne yake ta sukan kunne a daidai inda ya fi rauni, har mai saurare ya gaji bai san abin da ya gajiyar da shi ba.

Mutanen da suka fara ɗaukar wannan sana'a da muhimmanci ba da lamba suka yi gardama ba. Gilbert Briggs, wani ɗan kasuwar tufafi a arewacin Ingila wanda ya fara haɗa lasifika a ɗakin ƙarƙashin gidansa cikin 1932, ya kafa kamfanin Wharfedale, ya kama babban zauren Royal Festival Hall na Landan cikin 1954, zaure mai cin mutum kusan 3,000. Ya kawo makaɗa suka hau dandamali, ya jera lasifikunsa a gefensu, makaɗa su yi, sa'an nan a sa abin da aka ɗauka, jama'a su kwatanta da kunnensu. Shekara ta gaba ya maimaita haka a zauren Carnegie Hall na Amurka. Kamfanin Acoustic Research na Edgar Villchur ya yi irin wannan a farkon shekarun 1960, inda makaɗa sukan daina kaɗawa a tsakiyar kiɗa su ci gaba da motsa hannu kawai, lasifika ta karɓa, a ga ko masu saurare za su gane lokacin da aka yi canji. Ko shakka babu akwai talla a ciki. Amma talla ce mai mutunci, domin ta amince da cewa ma'aunin akwati shi ne abin da yake kwaikwayo.

Inda aka fi zurfafa wannan tunani shi ne Gidan Rediyon BBC, wanda masu saurarenmu suka san muryarsa da Hausa tun 1957. Kuɗin jama'a yake ci, ba shi da akwatin da zai sayar, kuma yawancin abin da yake watsawa magana ce. Bukatarsa ita ce injiniyan da yake zaune a ɗakin sarrafa sauti ya ji daidai abin da mai magana ya faɗa. Ga shi kuwa injiniyan nan yana iya buɗe ƙofa ya shiga ɗakin da ake magana ya ji mutumin da kunnensa, ya komo ya ji akwati. In akwai ƙarya nan take za ta tonu. Da akwatunan kasuwa suka kasa cin wannan jarrabawa sai sashen bincike na gidan, wanda a lokacin yake Kingswood Warren a kudu da Landan, ya shiga ƙera nasa.

Abubuwa biyu da suka gano sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, mazurarin takarda yana da tasa muryar da yake ƙara wa sauti, kuma wannan na iya bambanta da wancan ko da a masana'anta ɗaya aka yi su. Dudley Harwood da Spencer Hughes da abokan aikinsu suka juya ga wani irin roba mai suna Bextrene, suka yi ta gwada siffofi har suka sami wadda ba ta sa wa murya hanci. Na biyun ya fi ban mamaki. Kowa zai zaci akwatin da ya fi kauri da nauyi shi ya fi kyau. Su kuwa suka ga katako kowane iri ne sai ya yi amo, kuma in ya yi kauri da tauri amonsa yakan faɗa a tsakiyar sauti, daidai kan murya, inda kunne ba ya yafewa. Sai suka zaɓi siririn katako mai falle-falle, suka manna masa fallayen kwalta daga ciki, amon ya sauka ƙasa, ya kuma mutu da wuri. Watau ba su yi da'awar kashe aibi ba, sun dai kore shi zuwa inda ba zai yi ɓarna ba. Wanda ya taɓa ganin maƙerin kalangu yana zaɓen itace da fata zai fahimci irin wannan hankali.

Daga wannan aiki aka sami ƙaramar lasifikar nan LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970. An yi ta ne don motocin ɗaukar shiri a waje, inda wuri ya yi ƙunci. Tsawonta santimita 30 ne, faɗinta 19, cikinta bai wuce lita biyar ba, bakunanta biyu kuwa na kamfanin KEF ne. BBC ta ba kamfanoni irin su Rogers da Chartwell izinin ƙera ta, bisa sharaɗin kowace ta yi daidai da samfurin da aka ajiye, yadda in ɗaya ta lalace za a ɗauko wata a maye gurbinta ba tare da an ji bambanci ba. Hughes ya fita ya kafa Spendor, sunan da ya haɗa daga nasa da na matarsa Dorothy. Harwood kuma ya kafa Harbeth cikin 1977, shi ma da guntun sunan matarsa Elizabeth. Shekara hamsin ke nan, har yau ana ƙera LS3/5A ana saye, alhali dubban akwatuna masu fitilu da manyan lambobi sun zo sun wuce ba wanda ya tuna sunansu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi ya je ya nemo ta. Tsadarta a yau ta wuce hankalin mai albashi, kuma tana da nata gazawar: ba ta kai can ƙasan sauti, ba ta jure a murɗa ta da ƙarfi, ba kuwa za ta cika babban zaure ba, balle filin biki. Har ma akwai ɗan tudu da aka bar mata a saman kaurin sauti, wanda yake sa kunne ya zaci ta fi girmanta. Abin ɗauka a labarinta shi ne tsarin fifiko. Maƙeranta sun san ƙaramin akwati ba zai iya kome da kome ba, sai suka sadaukar da rugugi suka tsare murya. Mai kuɗi kaɗan ma zaɓin da yake gabansa ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma wani tarko a ɗaya gefen, wanda masu neman garɗi suka fi faɗawa. Waɗansu akwatuna an danne musu siririn sauti ne kawai, an ƙara musu kumburi a ƙasa, sai a ce ai ga taushi. Wannan dushewa ce, kamar a yi magana a bayan bargo. Floyd Toole, wani masani a Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada, ya yi shekaru yana zaunar da mutane a gaban labulen da sauti yake ratsawa amma ido ba ya ratsawa, yana sa musu lasifiku dabam-dabam su ba da maki, ya buga sakamakonsa cikin 1985 da 1986. Abin da ya fito shi ne masu lafiyar kunne sun fi karkata ga abu guda: akwatin da ba ya fifita wani mataki na sauti a kan wani, wanda kuma sautin da yake watsawa gefe ya yi kama da wanda yake turowa gaba. Irin wannan akwati in an sa shi a ɗaki, sautinsa yakan ɗan gangara a hankali daga ƙasa zuwa sama, abin da kunne yake ji a matsayin cika da taushi ke nan. Ashe garɗi na gaskiya daidaito ne. Cikin 1994 Toole da abokin aikinsa Sean Olive suka sake nuna wani abu: mutanen da suka ba akwati maki kaza a bayan labule, da aka yaye labulen suka ga girmansa da ƙyallinsa da sunan kamfaninsa, sai makin ya canja. Mun saba cewa gani ya kori ji. A wannan fage dai gani ɓata ji yake yi.

Batun wat kuwa, gajeruwar magana ta ishe shi. Wat ma'aunin ƙarfin lantarki ne, ba ya faɗin kome game da daɗin sauti. Ninka wat sau biyu ba ya ƙara sai desibel uku, abin da kunne yake ji a matsayin ɗan ƙari kaɗan. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat wajen sau goma. Yawancin lasifikun ɗaki suna ba da desibel 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak in an auna daga nisan mita guda, wannan kuwa ƙara ce da ta isa ta hana hira. Cikin 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gaji da ƙaryar lambobi, ta wajabta wa masu sayar da amfilifaya su faɗi ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a ɗore. Lambar nan da ake rubuta wa PMPO ba ta da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa. Mai shakka ya juya bayan na'urar ya karanta abin da take sha daga soket. Wadda take shan wat 60 ba ta da inda za ta samo 3,000 ta bayar. Daɗin daɗawa, ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa fiye da ƙarfinta takan yanke kan sauti ta aika da ƙazanta zuwa ƙaramin bakin lasifika, ta ƙone shi.

Yaya ke nan mutum zai yi gwaji? Ya tafi kanti da sautinsa, kada ya dogara da wanda mai kanti ya tanada. Ya fara da magana zalla, muryar da ya sani kamar yunwar cikinsa: mai karanta labarai da ya saba ji kullum, ko karatun wani alaramma, ko ma muryar wani na gidansa da ya ɗauka da waya a wuri marar hayaniya. Mu Hausawa muna da wata riba a nan da ba mu cika lura da ita ba. Harshenmu mai karin sauti ne. Kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne suka raba su, saboda haka kunnenmu ya horu da bin murya tun muna goye. In namiji ya yi magana ka ji kamar daga cikin randa yake yi, akwatin ya kumbura ƙasa. In ka ji kamar mura ta kama shi, tsakiya ta lalace. Sa'an nan a kasa kunne ga baƙaƙen nan masu kaifi, sa da sha da tsa da ƙa: a bakin mutum suna fita su wuce, a mugun akwati kuwa sukan yi tsartuwa kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

Bayan magana sai kiɗan da ba shi da tarkace. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce da murya ɗaya, ba inda aibi zai ɓuya. Kalangun da suke bayan Mamman Shata suna hawa suna sauka kamar masu magana, kuma lasifikar kirki za ta bar ka ka bi kowane bugu dabam, ka kuma ji amshi a bayan jagora ba a cakuɗe ba. Wadda ta kumbura sai ta mai da su gungumen rugugi guda. Akwai wani dalili kuma da ya sa wannan ya shafe mu ƙwarai. Da yawa daga abin da ya rage mana na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da tsararrakinsu an ɗauke shi ne da na'urorin dā, an kwafa daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa waya, da shuu ɗinsa da ƙaiƙayinsa. Akwati mai wasasshen sama wannan shuu ɗin yake turowa gaba ya binne mawaƙin, har yaro ya ji ya ce tsohon kiɗa ba daɗi.

In ana kwatanta akwati biyu, lalle a daidaita ƙarfinsu, domin wanda ya ɗara ɗan uwansa ƙara ko da kaɗan ne shi kunne zai ce ya fi, masu kanti kuwa ba su jahilci wannan ba. A saurara a ƙarfin da za a yi amfani da shi a gida, har ma a rage ƙasa da haka a ji ko murya tana nan da jikinta. A kuma ba abin lokaci, minti ashirin ko fiye. Mai kantin da ya ƙi haƙuri da wannan, akwai na gaba da shi.

Ɗaki ma yana da nasa hannu, har wani lokaci ya fi na akwatin. Ginin siminti mai daɓen tayil da bango tsirara yana dawo da siririn sauti kamar madubi, ya mai da lasifika mai hankali mai tsiwa. Darduma a ƙasa da labule mai kauri da kujerun kushin sukan gyara abin da canjin akwati ba zai gyara ba, kuɗinsu kuwa bai kai ba. Akwatin da aka cusa a kusurwa kaurinsa yakan ƙaru har ya yi gunji, musamman mai rami a baya, wanda yake son a bar masa tazara da bango. A ɗaga su yadda ƙaramin baki zai yi daidai da kunnen wanda yake zaune, a raba su, mai saurare ya zauna a tsakiya, nisansa da kowanne kamar nisan da yake tsakaninsu. A duba wayoyi kuma, ja ga ja, baƙi ga baƙi a duka biyun. In aka juya ɗaya, kauri zai zube, murya ta rasa wurin tsayawa.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya raina na hannu. Lasifika ba ta tsufa kamar waya ko kwamfuta, kuma tsofaffin akwatunan Ingila da Japan na shekarun 1970 da 1980 da suke shigowa cikin kayan gwanjo sau da yawa sun fi sababbin da ake sayarwa a farashinsu nesa ba kusa ba. Sai dai a cire ragar gaba a duba zoben da ya kewaye mazurari. In na soso ne, shekaru da zafi suna rubar da shi har ya riƙa marmashewa a hannu, ko da yake mai gyara yana iya sa sabo. Na roba ko na ƙyalle ya fi daɗewa. A tura mazurarin a hankali da yatsu a ko'ina daidai: in an ji yana gogar wani abu a ciki, wayarsa ta taɓa ƙonewa. A kara kunne a ƙaramin bakin kowane akwati a tabbatar yana magana, domin shi ne yake fara mutuwa, kuma akwatin da ƙaramin bakinsa ya mutu shi ne wani dillali zai rantse maka cewa taushi ne da shi.